Takin nitrat na kalsiyam a garkar tumatir da tattasai: inda yake biyan kuɗinsa da inda yake asara

Buhun kilo 25 ne yawanci, farin tsaki kamar na ure, an rubuta masa 15,5-0-0 da kuma 26 CaO. Lambar farko tana nufin a kowane kilo 100 akwai kilo 15 da rabi na azot, wato abin da ke sa ganye kore. Ta 26 ɗin kan ruɗi mai saye, domin CaO ba zallar kalsiyam ba ne, kalsiyam ne haɗe da oksijin, in aka tace lissafin kalsiyam ɗin kashi 19 ne cikin 100. Kamfanoni da dama na yin sa. Wanda aka fi sani a duniya shi ne na Yara ta ƙasar Norwe, wadda take da Calcinit na narkarwa a ruwa da Tropicote mai rufi na watsawa a ƙasa. Wannan bambancin a kula da shi tun a shago: mai rufin yana barin maiƙo a saman ruwa, yana kuma toshe bututun ɗigo-ɗigo.

Masu garka a Mirya, Gidimuni da kwarin Korama wajen Matamai da Magarya suna sayen sa ne saboda abu guda, baƙin gindin tumatir da tattasai. Mai shago kan ce maganin ke nan. A ganinmu maganar tasa rabin gaskiya ce. Takin yana da kyau ƙwarai a ƙasar yashi mai ruwan daɗi, daga fure zuwa ƙosawar 'ya'ya. A garkar da kanwa ta kama, ko wadda ban ruwanta yau akwai gobe babu, zuba kuɗi ne a rijiya. Dalilin duka biyun yana cikin saiwa, don haka sai mun shiga can.

Duk takin da ya narke a ruwa rabuwa yake yi zuwa ƙananan ƙwayoyi masu caji, kamar kawunan batir biyu. Wasu masu alamar + ne: kalsiyam da magneziyam masu caji biyu-biyu, potasiyam da amoniyam da sodiyam masu ɗaya-ɗaya. Wasu masu alamar − ne: nitrat, fosfat, sulfat. Iri ɗaya suna tunkuɗe juna, mabambanta suna manne wa juna. Wannan takin yana ba da kalsiyam ɗaya mai ++ da nitrat biyu masu −, kuma kowanne da hanyar da yake bi.

Abin da suka fara tararwa shi ne bangon ƙwayoyin halittar saiwa. Kalmar bango tana sa mutum ya tuna ganuwar Birni, alhali ya fi kama da zana. Saƙa ce ta zaruruwa mai ƙofofi masu faɗin nanomita 4 zuwa 5 (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita), ƙwayar taki kuma da rigar ruwanta ba ta kai nanomita ɗaya ba, saboda haka ruwa da abin da ke cikinsa suna kutsawa ba tare da shuka ta kashe ƙarfi ba. Amma zanar a shafe take da wani abu mai danƙo da ake kira fektin, dangin abin da ke sa kuɓewa yauƙi. Fektin cike yake da maƙalai masu caji −. Duk mai + da ya zo wucewa sai ya maƙale, mai − kuma a tunkuɗe shi zuwa tsakiyar manyan ƙofofi. Shi ya sa ruwan da ke jikin bangon saiwa ya fi ruwan ƙasa yawan masu +, ya kuma fi shi ƙarancin masu −. Maƙalewar ba ta dindindin ba ce, musaya ce: wanda ya fi caji ko ya fi yawa yana ture wanda ya tarar. Mai caji biyu ya fi mai ɗaya riƙo, mai uku ya fi su duka.

Kalsiyam yana da matsayi na daban a nan. Da cajinsa biyu yana kama zaren fektin ɗaya da hannun dama, wani da hannun hagu, ya ɗinke su. Wannan ɗinkin ne ke sa bango ya tsaya, ƙwaya ta manne da 'yar'uwarta. Haka kuma yana zama a fuskar siririn fatar da ke bayan bangon, wadda ita ce ainihin ƙofa mai dogari, yana hana ta yoyo. A cikin ƙwayar kuwa ba a son sa da yawa: abin da ake bari a ruwan ciki ya gaza na waje sau kusan dubu goma. Ke nan yawancin kalsiyam ɗin da manomi ya saya aikinsa a bango yake.

Shuke-shuke ba su da yawan maƙalai ɗaya. Masu faɗin ganye irin su tumatir, wake da gyaɗa suna da fektin da yawa, saiwar tumatir tana riƙe masu + kamar ninki biyu na abin da ta masara ke riƙewa. Dangin ciyawa, wato gero, dawa, masara da rake, bangonsu ba shi da fektin sosai, buƙatarsu ga kalsiyam kaɗan ce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa zuba wannan taki a gonar gero almubazzaranci ne. Ure tana da azot kashi 46, sai an haɗa kilo uku na nitrat na kalsiyam kafin a kamo kilo ɗaya nata. Geron jigawa kuma fosfor ne ya fi damunsa, abin da ya sa binciken cibiyar noma ta ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, ya tsaya kan gram 6 na 15-15-15 ko gram 2 na DAP a kowane rami.

Tafiya ta cikin zana tana da iyaka. Can ciki, kafin a kai jijiyoyin da ke haura da ruwa, akwai jerin ƙwayoyi guda da aka ɗaure wa ɗamara mai hana ruwa wucewa, wadda Bajamushe Robert Caspary ya bayyana a ƙarni na 19. A nan dole kowa ya bi ta ƙofa. Saiwa tana da famfunan da ke tura haidurojin mai + zuwa waje da ƙarfin sukarin da ganye ya aiko mata, har cikin ƙwaya ya zama mai − da fiye da milibolt 100 idan aka gwada da waje. Wannan jan ne ke shigar da potasiyam ta ƙofofinsa. Nitrat kuwa, da yake mai − ne, cikin ƙwayar tunkuɗe shi yake, sai ya samu rakiyar haidurojin biyu kafin ya shiga. Saboda haka saiwar da ke shan nitrat tana rage tsamin ƙasar da ke manne da ita, mai shan amoniyam kuma tana ƙara shi. A riƙe wannan, zai dawo.

Kalsiyam ba ya son bin ƙwaya zuwa ƙwaya. Mafi yawansa yana shiga ne ta bakin saiwa, fararen 'yan santimitocin ƙarshe, inda ɗamarar ba ta gama ƙwari ba, da kuma wuraren da sabon reshen saiwa ya fasa ya fito. Tsohuwar saiwa mai launin ƙasa kusan a rufe take gare shi. Daga nan sai ya hau tare da ruwan da ganye ke ja, kuma ko a hanyar yana ta maƙalewa yana sakewa a bangon jijiya. Inda ya sauka nan ya zauna, ba ya komawa daga tsohon ganye zuwa ɗa kamar yadda potasiyam da azot suke yi. Ganye yana fitar da ruwa da yawa, ɗan tumatir kaɗan. Ranar da iskar hunturu ta bushe ko zafin bazara ya haura digiri 40, ganye ne ke kwashe ruwan da kalsiyam ɗin da ke ciki, gindin ɗan da ke girma da sauri ya rasa ɗinki, bangonsa ya rushe, wurin ya jiƙe ya yi baƙi ya lotsa. Ɓarnar tana faruwa ne a makonni biyu zuwa uku bayan fure ya ɗaure, tun ɗan bai wuce girman goro ba, sai daga baya ido ya gani. Dogon tumatir irin Roma ya fi zagayayye kamuwa.

To a ina takin yake taimakawa? Na farko, yana narkewa sarai: lita ɗaya ta ruwa tana iya ɗaukar fiye da kilo ɗaya, alhali jifsum, wato farin ma'adinin sulfat na kalsiyam, gram 2 kacal take narkarwa. Kalsiyam yana isa bakin saiwa a ranar da aka zuba. Na biyu, wanda mu muka fi ba muhimmanci, shi ne irin azot ɗin da ke ciki. Daga kashi 15 da rabin nan, 14,4 nitrat ne, 1,1 kawai amoniyam. Ure da DAP da sulfat na amoniyam duk suna cika ruwan ƙasa da amoniyam, shi kuma mai + ne, yana gasa da kalsiyam a maƙalan bango da bakin ƙofa. Wanda ya antaya wa tumatir ure a lokacin fure ya yi abu biyu a tare: ya ƙara ganyen da zai janye ruwa, ya kuma rage kalsiyam ɗin da ke shiga. Sau da yawa amfanin da ake gani bayan an koma nitrat na kalsiyam, rabinsa na daina uren ne. Na uku, a yashi mai tsami, inda awon tsami da ake kira pH (7 ne tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami) ya faɗi ƙasa da 5,5, alminiyam mai caji uku yana narkewa ya ƙwace maƙalan fektin, bango ya sandare, saiwa ta gajarce ta yi kauri kamar an datse ta. Ƙarin kalsiyam da raguwar tsami a jikin saiwa suna sassauta wannan, ko da yake gyaran gaske na takin gida ne da toka.

Ga yadda ake zuba shi. Gram 1 a kowace lita: gram 10 a arozuwar, wato butar ban ruwa, mai lita 10, gram 200 a duro mai lita 200. Wannan yana ba da miligram 155 na azot da 190 na kalsiyam a lita. Marfin kwalbar lemo a cike yana ɗaukar gram 5 zuwa 6, amma gara a auna sau ɗaya a sikeli a yi wa wani gwangwani alama. A fara jiƙa fangali da ruwa zalla, sannan a bi da arozuwar ɗaya a kan murabba'in mita 2, a gindin shuka. Sau ɗaya a mako, daga furen farko har makonni shida. Jimilla gram 30 ke nan a murabba'in mita, wato kilo 300 a hekta, mai ɗauke da azot kilo 46 da kalsiyam kilo 57. Buhu ɗaya zai ishi garka mai murabba'in mita 800 da 'yan kai. Ga 'yan dashe a raba awon biyu. Wannan azot ɗin a cire shi daga lissafin uren da aka saba zubawa, kada a ɗora.

Dalilin rarraba shi kaɗan-kaɗan shi ne cajin nitrat. Laka da ruɓaɓɓen taki su ma − ne kamar fektin, ba sa riƙe shi, yashinmu kuwa ko masu + ɗin da ƙyar yake riƙewa. Wanda ya zuba kason wata guda a rana ɗaya ya bi da injin ban ruwa, ya tura rabinsa ƙasa da saiwa, kuma a kwarin da ruwa yake kusa, rijiyar da ake sha ce za ta karɓa. Akwai kuma ƙuna. Taki gishiri ne, in ya yi kauri a ruwan ƙasa sai ya hana saiwa jan ruwa, bakin saiwar da muke lallaɓawa shi ne farkon mutuwa. Albasa, salati da tattasai sun fi tumatir saurin jin wannan: albasa tana fara rage amfani tun awon gishirin ƙasa yana 1,2 dS/m, tattasai 1,5, tumatir sai 2,5.

Kuskuren da aka fi yi shi ne haɗa shi a bokiti ɗaya da wani taki. Kalsiyam da fosfat in sun haɗu da kauri suna zama farin ƙasa-ƙasa da ba ya narkewa, kalsiyam da sulfat kuma su zama jifsum su kwanta. Don haka kada ya haɗu da DAP, 15-15-15, sufa, sulfat na potasiyam ko na magneziyam a ruwa mai kauri. An yi asarar taki biyu, an kuma toshe bututu. A ba su rana daban. Da nitrat na potasiyam kam yana zama lafiya.

Yanzu maganar kanwa, wadda ita ce babbar jarrabawar wannan taki a ƙasar Damagaram, musamman kwaruruwan gabas daga Gidimuni zuwa wajen Gure. Kanwa sodiyam ce da kabonat. Sodiyam mai caji ɗaya ne, riƙonsa ba shi da ƙarfi, amma in ya yi yawa yana ture kalsiyam daga fektin da fuskar fatar ƙwaya da ƙarfin taro. Ba shi da hannu biyu, ba ya ɗinki. Fatar ta fara yoyo, potasiyam ya zube waje, sodiyam ya kutsa ciki. Cewa kalsiyam yana kare saiwa daga wannan tabbas ne: a 1969 LaHaye da Epstein a Kalifoniya sun nuna waken da aka shuka a ruwa mai gishiri kusan gram 3 a lita yana lalacewa in kalsiyam ya yi ƙaranci, yana kuma girma lafiya in an ƙara shi. Masu talla suna son wannan labari. Abin da ba su faɗa shi ne gishirin gwajin irin na miya ne, ba kanwa ba, kalsiyam ɗin kuma na jifsum ne.

A ruwan kanwa, kabonat yana kama kalsiyam ya mai da shi alli tun a cikin duro. Wanda ya tsira ya shiga ƙasa, can ma haka. Nitrat ɗin kuma, kamar yadda muka ce, yana ƙara rage tsami a jikin saiwa, a ƙasar da pH ɗinta ya riga ya wuce 8,5. A irin wannan wuri ƙarfe da zinc ba sa narkewa, tumatir kuma yana dogara ne da tsamin da saiwarsa ke fitarwa don ya samu ƙarfe. Sai a ga sabon ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa kore, mai garka ya ɗauka yunwar azot ce ya ƙara takin da ya jawo ta. Ga lissafin adadi: gyaran ƙasar da sodiyam ya kama yana cin jifsum tan biyu ko fiye a hekta, kuma tan biyu suna ɗauke da kalsiyam kilo 460. Samun wannan daga nitrat na kalsiyam sai an zuba kusan buhu 97, da azot fiye da kilo 370 da babu shukar da ke buƙata. Ko da jifsum ɗin ma, sodiyam ɗin da aka ture sai an wanke shi da ruwan daɗi ya samu inda zai gangara. Inda ruwan ƙasa yake a rabin mita, rana za ta sake jawo shi sama.

Gwaji ɗaya mai arha yana amsa tambaya biyu. A narkar da cokali ɗaya na takin a rabin kofin ruwan sama ko ruwan leda, a jiƙa kanwa daban a tace ta, a ɗiga a ciki. Na gaske zai yi fari kamar madara nan take. Ure ko gishirin da aka sake wa buhu zai tsaya garau, kuma da yake duka fararen tsaki ne, mai sayen awo-awo a kasuwa ya kamata ya yi wannan kafin ya biya na buhu. Sai a juya gwajin: a narkar da cokali ɗaya a kwalbar ruwan rijiyar garka, a ajiye awa ɗaya. In ya yi hazo ko fari ya kwanta, ruwan yana cinye takin kafin saiwa ta gan shi.

Feshi a ganye, wanda ake yawan ba da shawara, bai burge mu ba. Kalsiyam ɗin da ya sauka a ganye yana maƙalewa a bangon ganyen, ba ya zuwa ɗa. Wanda zai yi, ya auna gram 5 a lita, gram 75 a famfon goyo mai lita 15, ya nufi ƙananan 'ya'yan kansu, da yamma bayan la'asar sakaliya. Da rana tsaka a watan Afrilu zai ƙone gefen ganye. A salati da shu (kabeji), inda ƙunar take a ganyen ciki da ya naɗe, feshin ba ya ma kaiwa wurin. Gyaɗa kuwa tata daban ce: kwanson da ke cikin ƙasa da kansa yake shan kalsiyam daga yashin da ke kewaye da shi, abin da ya fi dacewa da ita jifsum ne ko sufa a lokacin fure, masu narkewa a hankali a saman ƙasa, ba kuma ta buƙatar azot ɗin.

Ajiya tana son kula. Da zarar danshin iska ya wuce kashi 47 cikin 100 a zafin digiri 30, takin yana fara shan ruwa. Da hunturu babu damuwa, da damina kuwa buɗaɗɗen buhu zai zama kunu a 'yan kwanaki, in ya bushe ya dunƙule kamar dutse. A ɗaure ledar ciki tamau, a ɗora a kan katako. A nisanta shi da man fetur da harawa domin nitrat yana ƙara wa wuta ƙarfi, a kuma hana awaki da shanu lasar sa ko shan ruwan duron, yana kashe su.

Kafin a je shago, a tona gindin shuka ɗaya da ta kamu a wanke saiwar. In akwai ƙulle-ƙulle kamar carbi, tsutsar saiwa ce, taki ba zai warkar da ita ba. In bakin saiwoyin baƙi ne masu wari, ruwa ya kwanta ya hana su iska. In sun bushe sun karye, ana barin fangali ya ƙafe tsakanin ban ruwa: a koma shayarwa kullum da safe, a ƙara ta yamma a bazara, a rufe ƙasa da karan gero ko ɓawon gyaɗa mai kaurin yatsa uku, a cire 'ya'yan da suka riga suka yi baƙi. Sai in saiwar fara ce mai gashi, ruwan kwalba ya tsaya garau, kuma baƙin gindin bai daina ba a 'ya'yan da suka ɗaure bayan gyaran, sannan buhun ya cancanci kuɗinsa, a fara da gram 10 a arozuwar.